Naushin Da Ke Kayar Da Maza: Tarihin Kisa A Damben Turawa

Ran nan bayan an tashi daga makaranta, wani almajirina, ɗan mahauta, ya biyo ni da tambaya. Ya ce sun je kallon dambe a bayan gari da kaka, ya ga wani siririn saurayi, wanda in iska ta taso sai ka ji masa tsoro, ya kai wa wani ƙato hannu sau ɗaya tak, ƙaton ya zube kamar an sare rimi. Ya ce, "Malam, ina wannan ƙarfi ya fito? Ko asiri ne?" Na ce masa ya tafi gida tukuna, amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa. To, ga amsar yau. Na ga ya kyautu in sa ta a jarida, gama na tabbata ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba. Amma daga damben Turawa zan ɗauko misalaina, domin nasu a rubuce ya ke, da rana da wata da shekara, har da hotunan majigi waɗanda a ke iya mai da su baya a duba abin da ya auku a tsanake. Namu kuwa yawancinsa a bakin makaɗa da tsofaffi ya ke.

Sai mu fara daidaita magana a kan kalma ɗaya. A fagenmu in an ce an yi kisa, ma'anarsa an kai mutum ƙasa, ko da hannunsa ne ko gwiwarsa ta taɓa turɓaya, shi ke nan wasa ya ƙare. A wurin Turawa faɗuwa kaɗai ba ta isa ba. In mutum ya faɗi, alƙalin wasa zai tsaya a kansa ya ƙirga daƙiƙa goma da ƙarfi. Ya miƙe kafin goma, a ci gaba. Bai miƙe ba, an kashe shi. Wannan kisa na ƙirga goma shi na ke nufi a duk cikin wannan takarda.

Ƙirgan nan kuwa ba daɗaɗɗen abu ba ne. Da can a Ingila da hannu tsirara a ke dambe, ba safa ba komai. A 1743 wani shahararren ɗan dambe, Jack Broughton, ya tsara dokoki, ya hana dukan wanda ke ƙasa, ya kuma ba wanda ya faɗi rabin minti ya farfaɗo ya komo tsakiyar fage. Turmi ba ya ƙarewa sai wani ya faɗi. Saboda haka sai mutanen ɗan dambe su ja shi gefe, su kwara masa ruwa, su turo shi, a sake. A 1889, a Amurka, John L. Sullivan da Jake Kilrain sun yi turmi 75 da hannu tsirara cikin zafin rana, fiye da sa'a biyu, kafin mutanen Kilrain su sallama. Dokokin da aka buga a 1867, waɗanda a ke kira da sunan wani basarake, Queensberry, su suka kawo safar hannu, da turmi na minti uku, da hutun minti ɗaya, da ƙirga goma. Sannu a hankali suka kore tsofaffin. A 1892 aka yi karawar sarautar manyan 'yan dambe ta duniya bisa waɗannan dokoki, James Corbett ya kashe Sullivan a turmi na 21.

A nan akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Suna tsammani safa don tausayin wanda a ke duka aka sa ta. Lalle tana rage tsagewar fuska, amma wanda ta fi karewa shi ne mai dukan. Ƙoƙon kan mutum ya fi ƙasusuwan hannu ƙwari nesa, mai hannu tsirara kuwa in ya cika kai wa kai duka da iyakar ƙarfinsa, yatsunsa za su riga kan abokin karawarsa karyewa. Da safa ta zo, sai hannu ya sami mafaka, kai ya zama wurin da kowa ke nema.

To, me ke aukuwa a cikin kan nan? Likitoci sun bayyana cewa ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ƙoƙon kai da ɗan ruwa kewaye da ita. Ka ɗauki ƙwarya da kindirmo a ciki, ka murɗa ta da sauri, za ka ga ƙwaryar ta juya, kindirmon ya yi jinkiri kaɗan, sa'an nan ya bi ta da karkarwa. Haka ƙwaƙwalwa ke yi in an fizge kai farat ɗaya. Jijiyoyinta su kan miƙe su murɗe, aikinsu ya rikice na ɗan lokaci, sai fitila ta mutu, ƙafafu su saki. Dukan da ya tura kai baya sak yana da illa, amma wanda ya juya shi gefe, kamar an murɗa marfin kwalba, ya fi shi saurin kai mutum ƙasa. Shi ya sa a ke neman haɓa da muƙamuƙi. Haɓa ita ce ta fi nisa daga inda kai ya zauna a kan wuya, duk wanda ya taɓa ɗaga dutse da sanda ya san cewa in sandar ta yi tsawo, ƙarfi kaɗan ya isa.

Maganin wannan murɗawa ɗaya ne, watau wuya. In mutum ya ga naushi tafe, ko bai yi niyya ba jikinsa zai ɗaure naman wuya, ya cije haƙora, ya sunkuyar da haɓa, ko ya bi naushin da kai don ya rage masa nauyi. In bai gan shi ba, wuya a sake ya ke, kai sai ya juya iyakar juyawarsa. Wannan shi ne asirin siririn saurayin da almajirina ya gani, kuma za ku ga shi ne ke komowa a kusan kowane labari da zan ba ku.

Naushin Turawa iri huɗu ne manya, kowanne da sunansa a bakinsu, ni kuwa zan sa musu namu. Akwai zunguri, wanda a ke miƙawa da hannun gaba don auna nisa da rufe wa mutum ido. Shi ba safai ya kan yi kisa ba, amma shi ke share hanya. Akwai miƙaƙƙe, na hannun baya, mai tafiya da nauyin jiki duka tun daga diddige. Akwai lauje, wanda ke zuwa a lanƙwashe ta gefe, ta inda ido ba ya kaiwa. Akwai kuma ɗago-haɓa, mai tasowa daga ƙasa ta tsakanin hannuwa. Ɗan dambenmu hannu ɗaya ya ke naɗewa, ɗayan garkuwa ne, saboda haka abokin karawarsa ya san inda mutuwa za ta fito. A na Turawa ƙofa biyu a ke tsaro.

Amma kisan farko da duniya ta yi ta magana a kansa ba a kai aka yi shi ba. Ran 17 ga Maris, 1897, a garin Carson City cikin jihar Nevada, Corbett ya fito kare sarautarsa. Abokin karawarsa Bob Fitzsimmons ne, haifaffen Ingila wanda ya tashi a New Zealand yana aikin ƙira. Mutum ne mai sanƙo, mai siraran ƙafafu, sai dai kafaɗunsa na maƙeri ne. Nauyinsa kamar laba 167, Corbett ya fi shi da wajen laba 15, ya kuma fi shi ƙuruciya da iya taku. Turmi bayan turmi Corbett na zungurinsa, ya fasa masa baki, a turmi na 6 har ya kai shi ƙasa. Fitzsimmons ya tashi, ya ci gaba da bin sa yana dukan jiki. A turmi na 14 ya yi kamar zai kai dama ga kai, Corbett ya ɗaga hannuwa, sai maƙerin ya sauya ƙafa ya nutsa masa hagu a ƙahon zuciya, daidai inda haƙarƙari suka rabu. Corbett ya durƙusa. Idonsa biyu, hankalinsa bai gushe ba, yana jin ƙirgan alƙali sarai, yana rarrafe yana neman igiya, amma numfashi ya ƙi zuwa, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa, har aka kai goma.

Dalili kuwa, a bayan wurin nan akwai wata mahaɗar jijiyoyi, ga kuma tantanin naman da ya raba ƙirji da ciki, wanda da shi a ke jan numfashi. In duka ya same shi a sake, sai ya ƙage ya ƙi motsi na ɗan lokaci. Dukan hanta, a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, shi ma haka ya ke durƙusar da mutum, sai dai ya kan ɗan jinkirta kafin ya kama. 'Yan dambe da yawa sun ce gara a sumar da su da a yi musu wannan, gama wanda ya suma bai san an kashe shi ba, shi kuwa wannan da idonsa ya ke kallon sarautarsa tana tafiya. An ɗauki wasan nan duka a majigi, aka yi ta nuna shi a garuruwa, mutane na biyan kuɗi don su ga naushi ɗaya.

Kada a ce na raina ƙarfi. A 1923 a New York, Jack Dempsey da Luis Firpo na Ajantina sun yi wani dambe irin na bijimai. Dempsey ya kayar da Firpo sau bakwai a turmin farko, Firpo kuma ya tashi ya cilla Dempsey waje ta tsakanin igiyoyi har kan teburin 'yan jarida, suka tura shi ya koma, ya kashe Firpo a turmi na 2. Abin kallo ne ƙwarai. Amma ni a ganina ba a koyon komai a cikinsa, sai dai a riƙe baki.

Wanda a ke koyon abu a cikinsa shi ne na ran 19 ga Yuni, 1936. Joe Louis, baƙar fatar Amurka, yana da shekara 22, ba a taɓa cin sa ba tun da ya shiga damben kuɗi, ya riga ya tarwatsa tsofaffin sarakunan dambe biyu, Primo Carnera da Max Baer. Aka haɗa shi da Max Schmeling, Bajamushe mai shekara 30, wanda shi ma ya taɓa riƙe sarautar, amma kowa na ganin ruwansa ya ƙare. Masu caca ba su ba shi komai ba. Shi kuwa Schmeling ya zauna ya yi ta kallon majigin wasannin Louis, har ya gaya wa 'yan jarida cewa ya ga wani abu, bai faɗi ko mene ne ba, suka yi masa dariya. Abin da ya gani ɗan ƙarami ne: in Louis ya yi zunguri da hagu, maimakon ya komo da hannun ga haɓarsa, sai ya bar shi ya ɗan sauka ƙasa. Ƙofar nan ba ta kai ƙiftawar ido a buɗe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Da aka shiga fage, Schmeling ya karkatar da jikinsa baya, ya ɗana damarsa kusa da haɓa, ya yarda Louis ya yi ta zungurinsa har idonsa na hagu ya kumbura. Ku lura da wannan da kyau: ya sayi damar da ya ke nema da fuskarsa. A turmi na 4 Louis ya yi zunguri, hagu ta sauka, sai miƙaƙƙen dama ya bi ta samanta ya sami muƙamuƙi. Louis ya faɗi, faɗuwarsa ta farko ke nan a damben kuɗi. Ya tashi, amma daga nan bai ƙara komowa daidai ba, kuma bai gane ta inda ruwa ke shigo masa ba. Dama ɗaya, ƙofa ɗaya, Schmeling ya yi ta maimaita ta har turmi na 12, inda Louis ya kwanta aka ƙirga masa goma.

Mutanen Hitler suka ɗauki abin suka mai da shi hujjar fifikon jinsinsu, alhali kuwa abin da ya ci wasan zaman nazari ne da haƙuri, wanda kowane jinsi ke iyawa. Shi Schmeling kansa mai kula da harkokinsa a Amurka Bayahude ne, Joe Jacobs, ya kuma ƙi rabuwa da shi. Louis ya koma ya gyara hannunsa. A 1937 ya kashe James Braddock ya hau sarauta, amma ya ce ba zai ɗauki kansa sarki ba sai ya rama. Ran 22 ga Yuni, 1938, aka sake haɗuwa a fagen nan na New York, gaban mutum wajen 70,000, duniya tana bakin yaƙi, ana saurare ta rediyo a ƙasashe da yawa. Wannan karon Louis bai ba shi lokacin ɗana komai ba. Ya tura shi ga igiya, ya zuba masa dama a gefen baya wadda ta tsaga masa wani ƙashi a gadon bayansa, har aka ji ƙararsa. Ya kayar da shi sau uku, alƙali ya tsai da wasa. Minti 2 da daƙiƙa 4 ke nan duka. Mai dabara yana bukatar lokaci, Louis kuwa lokacin ya ƙwace masa. Bayan yaƙi mutanen nan biyu suka zama aminai, har Schmeling ya riƙa taimakon Louis da kuɗi sa'ad da duniya ta juya masa baya. Louis ya rasu a 1981, Schmeling a 2005 yana da shekara 99.

A 1952 a Philadelphia, Jersey Joe Walcott, dattijo mai shekara 38, gwanin taku da yaudara, ya kayar da Rocky Marciano tun a turmin farko, ya kuma riƙa gaba da shi a lissafin alƙalai har turmi 12. Saura uku ya tsira da sarautarsa. A turmi na 13 ya ja da baya ga igiya, su biyu suka saki dama lokaci ɗaya, ta Marciano ta fi gajarta, ta riga isa. Walcott ya sulale a hankali, hannunsa ɗaya rataye a igiya, sa'an nan ya kife. Mutum in yana cikin kai nasa naushin, hankalinsa duka yana kan inda zai sauka, haɓarsa a buɗe, nauyinsa kuma yana tafiya gaba, sai ƙarfinsa ya haɗu da na abokin karawarsa su taru a kansa.

Amma in aka tambayi masana dambe wane naushi guda ya fi kowanne tsabta, da yawansu za su ce na Sugar Ray Robinson ne, ran 1 ga Mayu, 1957, a Shikago. Gene Fullmer ya ƙwace masa sarautar matsakaita nauyi a watan Janairu na shekarar. Fullmer mutum ne kamar kututture, gajeren wuya, ba a taɓa ƙirga masa goma ba, Robinson kuwa saura kwana biyu ya cika shekara 36. Turmi huɗu Fullmer na matsa masa. Robinson ya lura cewa in Fullmer zai kai dama ga jiki ya kan buɗe gefen fuskarsa, sai ya riƙa kai masa dama ga haƙarƙari don hannun ya saba sauka. A turmi na 5 Fullmer ya kutso, Robinson yana ja da baya, sai ya saki lauje na hagu, gajere, ya tare haɓar da ke tahowa. Fullmer ya zube, ya yi yunƙurin tashi, ƙafafu suka ƙi. Da ya farfaɗo sai ya tambayi mutanensa don me aka tsai da wasa. Bai ga naushin ba, bai kuma tuna shi ba. Wanda ke ja da baya ba shi da cikakken ƙarfin da zai sa a hannu, saboda haka rabin ƙarfin naushin nan Fullmer ne ya kawo shi da kansa.

Wannan Fullmer mutanen Nijeriya sun san shi, gama shi ne wanda Dick Tiger, ɗan Amaigbo, ya karɓe sarauta daga hannunsa a 1962, ya kuma sake cin sa a filin Liberty na Ibadan ran 10 ga Agusta, 1963. Makashin maza, maza kan kashe shi. Tiger ya hau ajin da ke sama da nasa ya ci sarautarsa a 1966, sa'an nan ran 24 ga Mayu, 1968, a New York, ya gamu da Bob Foster, dogo siriri wanda ya fi shi tsawo da kusan taƙi guda. Gajere ba shi da hanya sai ya kutsa ciki. A turmi na 4 Tiger ya kutsa, lauje na hagu ya tare shi, ya faɗi rigingine. Shekararsa 38, kuma ran nan ne kaɗai aka taɓa ƙirga masa goma. Ga amsar almajirina a fili: Foster ba ƙato ba ne, amma dogon hannu mai sauri kamar bulala ya ke, ƙarfinsa a bakinsa ya ke taruwa.

Muhammadu Ali yana da kisa biyu da ba a mantawa. Na farko, a 1965 a wani ƙaramin gari, Lewiston, Sonny Liston ya miƙo zunguri ya zarce da jiki, Ali ya sauke masa wata gajeriyar dama ta sama, Liston ya faɗi tun a turmin farko. Yawancin 'yan kallo ba su ga naushin ba, suka yi ta ihu wai an sayar da wasa. Alƙalin ran nan kuwa Walcott ɗin nan ne da muka ambata, ya rikice wajen korar Ali gefe har ƙirga ya ɓace masa. Har yau ana gardama. Majigi ya nuna naushin ya sauka, kan Liston ya girgiza. Ko ya isa ya hana irin wannan ƙato tashi, nan ne bakin mutane ya rabu. Na biyu ba gardama a kansa. Ran 30 ga Oktoba, 1974, a Kinshasa, da asuba, Ali mai shekara 32 ya jingina da igiya ya bar George Foreman, saurayi mai shekara 25 wanda ya yi wasa 40 ba a ci shi ba, ya yi ta jibgar hannuwansa da haƙarƙarinsa har ya gaji. Gajiya kuwa tana sassauta wuya, tana nauyaya ido. A ƙarshen turmi na 8 Ali ya zame daga igiya, hagu ta ɗago kan Foreman, dama ta same shi sak, ya yi juyi ya kife.

Foreman ya riƙe karatun nan shekara 20. A 1994, yana da shekara 45, ya nemi sarauta a hannun Michael Moorer, wanda ya girme wa da shekara 19. Turmi tara yaron na dukansa, shi kuwa yana lallaɓa shi ya tsaya a gabansa. A na 10 wata gajeriyar dama ta bi bayan zunguri ta sami haɓa, Moorer ya kwanta. Haka kuma a 2012 Juan Manuel Marquez na Meziko ya tare Manny Pacquiao da dama yana cikin kutsowa, saura daƙiƙa ɗaya turmi na 6 ya ƙare, Pacquiao ya faɗi rubda ciki bai motsa ba. Tsakanin Schmeling da Marquez shekara 76, amma dabarar ba ta sake ba.

Na ba ku labaran nan da daɗin baki, to, wajibi ne in ba ku sauran. Fitilar da ta mutu ba kullum ta ke kamawa kamar da ba. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya rubuta bayanin wata cuta da ya gani ga tsofaffin 'yan dambe: tafiya da tangaɗi kamar mashayi, nauyin harshe, rawar hannu, mantuwa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna dukan da ya taru shekara da shekaru, har da na wajen koyo wanda ba ya kayar da kowa, yana cin ƙwaƙwalwa a hankali. Wani lokaci kuma jijiyar jini ce ke tsinkewa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai, jini ya taru ya danne ta. Mafi hatsari shi ne a sake bugun kan da bai gama warkewa ba. Don haka na ke hana yarana naɗe hannu su koma fage in an taɓa sumar da su, ko da sun ce garau su ke ji.

Lauje na hagu da aka yaba wa Robinson a 1957, shi ne dai ya saki a 1947 a Cleveland, a kan wani saurayi mai shekara 22, Jimmy Doyle, wanda ya riga ya sami mummunan rauni a kai a shekarar da ta gabata. Doyle ya faɗi a turmi na 8, kansa ya bugi dandamali, bai ƙara farfaɗowa ba, ya rasu washegari. Robinson ya ce kafin wasan ya yi mafarkin haka, har ya so janyewa aka lallashe shi. Daga baya ya ba mahaifiyar yaron kuɗin waɗansu wasanninsa.

Hogan Bassey na Kalaba, ɗan Nijeriya na farko da ya ci sarautar dambe ta duniya, a Faris a 1957, ya rasa ta a 1959 ga wani Ba'amurke, Davey Moore. A watan Maris na 1963 aka kayar da Moore a turmi na 10 a Los Angeles, ƙeyarsa ta bugi igiyar ƙasa. Ya tashi, ya ƙarasa turmin, ya koma ɗaki har ya yi hira da 'yan jarida, sa'an nan ya ce kansa na ciwo, ya suma, ya rasu bayan 'yan kwanaki. A 1982 kuma Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu ya faɗi a turmi na 14 a hannun Ray Mancini, shi ma bai tashi daga gadon asibiti ba. Bayan rasuwarsa ne ɗaya daga manyan hukumomin dambe ta rage wasan sarauta daga turmi 15 zuwa 12, sauran suka bi ta kafin 1990. Da wannan doka ta riga zuwa da shekara 30, da Walcott ya sauka daga fagen Philadelphia da sarautarsa, gama a turmi na 13 Marciano ya same shi.